"Ka koma wani layin mana": Ya koma ina?

Ranar Litinin da ta wuce, a ofishin wani kamfanin sadarwa a Kano, wani dattijo mai shagon kwamfuta ya shigo da rautarsa, wato na'urar da ke ba shi intanet, a cikin leda. Tun ƙarfe tara na safe yake zaune, sai bayan azahar aka kira lambarsa. Sana'arsa cike wa ɗalibai fom da buga musu sakamakon jarrabawa, kuma kwana 11 ke nan shafi ba ya buɗewa daga la'asar har dare, alhali ya biya kuɗin wata cif.

Ya yi sallama. Yaron da ke bayan kanta, wanda bai wuce sa'an ɗansa ba, ya amsa a ciki, idonsa na kan waya.

"Ɗana, abin nan ne ya ƙi tafiya."

"Baba, ka kashe ka kunna?"

"Ya fi sau hamsin. Na sake mata wuri, na ɗora ta a taga. Da asuba tana ba ni mega 15, da magariba ko ɗaya ba ta kaiwa." Ya miƙa takardar da ya rubuta awon kowace rana da hannunsa.

Yaron ko kallon takardar bai yi ba. Ya danna kwamfuta sau biyu. "A nan komai lafiya lau yake nunawa."

"To kuɗin kwanakin da suka tafi fa?"

"Ba ma mayar da kuɗi. In ba ta yi maka ba, Baba, ka koma wani layin mana. Na gaba!"

Ya koma ina? A unguwarsu layi ɗaya ne ke kamawa a cikin ɗaki, kuma yaron ya san da haka, shi ya sa bakinsa ya yi kauri.

Takardar da aka ƙi karɓa ta riga ta faɗi ciwon. Duk sabis ɗin da ke gudu da asuba ya mutu da magariba, ba laifin rauta ba ne, cunkoso ne. Ƙarfen sabis ɗaya yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. Bayan wannan akwai hanyar da ke kwashe datar daga ƙarfen zuwa cibiya. In wayar fayiba ce aka binne, hanya ce mai faɗi. In farantin nan ne da ke harba saƙo daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ƙarafa uku ko huɗu na iya haɗuwa a maƙogwaro ɗaya. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis sun cika, an rubuta 4G ɓaro-ɓaro, amma hoto ɗaya ya gagara tafiya. Maganinsa ƙara na'ura a kan ƙarfen, ko dasa sabo, ko ja masa fayiba. Duk kuɗi ne, kuma wanda ya tabbata ba ka da wurin gudu, me zai sa ya kashe ko sisi?

Hukumar NCC, mai kula da harkar sadarwa a Najeriya, ba ta jahilci wannan ba. Tun 2013 ta ayyana MTN a matsayin wanda ya mamaye kasuwar kiran waya, ta hana shi bambanta farashin kira tsakanin layinsa da na wasu, ta kuma ce MTN da Glo ne suka danne kasuwar ba da hayar manyan hanyoyin data. A shekarar aka fara sauya layi ba tare da sauya lamba ba. Yau fiye da rabin layukan ƙasar nan na MTN ne, Airtel na da kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran biyun suna lallaɓa abin da ya rage. Kasuwar da aka buɗe a 2001 don a yi gasa ta kusa komawa ta mutum biyu. Ina amfanin 'yancin sauya layi ga wanda layi ɗaya ne ke shiga gidansa?

An yi mana alkawari a rubuce. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ce mega 25 a birni, 10 a karkara, giga ɗaya kada ta wuce naira 390. Abin da ya iso kan lokaci shi ne ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanoni a watan Janairun 2025. Ƙarin ya fara cin aljihunmu cikin makonni. Gyaran har yau muna baza ido.

Ba wani abin al'ajabi ake nema a wurin hukumar ba. Ta tilasta wa duk mai fayiba daga Legas zuwa Arewa ya ba ƙananan kamfanoni haya a kan farashin sari da aka wallafa kowa ya gani, domin kusan duk wayoyin ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, kuma kuɗin ɗauko data zuwa Kano ko Maiduguri shi ke kashe ƙaramin kamfani tun yana rarrafe. Ta wallafa awon gudun kowane layi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, awon ƙarfe tara na dare, ba na asuba ba. Ƙarfen da ya yi wata uku a cunkushe a ci tarar mai shi. Kwanan da sabis ya ɗauke a mayar wa mutum datarsa kai tsaye, ba sai ya kira 622, layin kai ƙorafi na hukumar, ya yi ta jiran tsammani ba.

Gwamnoninmu ma kada su ɓuya a bayan kamfanoni. An amince a karɓi naira 145 a kan kowace mita ta haƙa ramin fayiba, wato 145,000 a kilomita. Ekiti kafin 2020 naira 4,500 take karɓa, miliyan huɗu da rabi ke nan a kilomita ɗaya. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a shekarar. Amma ko an yafe a sama, ga 'yan haraji na jiran ma'aikata a bakin rami, ga ɗan kwangilar titi ya sa katafila ya tsinke wayar ba wanda ya tambaye shi, duk da dokar 2024 da ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Mu kuma mun saba, sai mu ce "netwok ne" kamar ruwan sama muke magana a kai, mu sayi waya mai sim biyu, mu biya kamfani biyu kuɗin aikin da ɗaya bai yi ba.

Dattijon ya ninke takardarsa, ya mayar da rauta cikin leda. Ranar Alhamis kuɗin watansa zai ƙare, ɗalibai na jiransa a shago, kuma a wurin kamfanin nan dai zai sake saye.