Wai haka na waje suke zuwa

Jiya bayan la'asar, a wani babban kanti da ke Wuse 2 a Abuja, wata dattijuwa ta ajiye gwangwanin kifi mai giram 125 a gaban mai karɓar kuɗi, murfinsa ya yi tulu. Shekaranjiya ta saya, ga rasit a hannunta. Yarinyar ko ɗaga kai daga waya ba ta yi ba.

"'Yata, dubi yadda ya kumbura."

"Hajiya, ai na waje ne. Haka suke zuwa."

"Haka suke zuwa?"

"Ki karanta ƙasan rasit ɗinki. Kaya in ya fita, ya fita." Ta sa gindin biro ta ture gwangwanin gefe, ta ce na baya ya matso.

To madalla da malama! Gwangwani ba ya kumbura don ya sha tafiya a jirgin ruwa. Yawanci ƙwayoyin cuta ne suka tara iska a ciki, akwai mai dafin da ke shanye jiki har numfashi ya tsaya. Ko ɗanɗanawa ba a yi.

Kuma ba kifi kaɗai ba. Wurin rubuta ranar lalacewar kaya, na Amurka wata suke fara rubutawa, na Turai rana, don haka 03/09 na iya zama Maris, na iya zama Satumba, ba mai yi maka bayani. Ka shafa gindin gwangwani: in tawadar kwanan watan ta biyo yatsanka, ko wurin ya yi dishi-dishi, ka yi zargin an goge an sake bugawa. Madarar gari da ake sayar maka da tsadar mai cikakken maiƙo, juya bayanta, sai ka tarar an cire man shanun an zuba na itatuwa. Kayan firiza kuwa, in ƙanƙara ta dunƙule su wuri guda, sun narke da aka ɗauke wuta, suka sake daskarewa.

Tun da aka saki naira kasuwa ta yanka mata daraja a Yunin 2023 farashi ke hawa, mutunci na sauka. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana nan tun 1993. FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ta sha cewa ƙin karɓar kaya mai aibi ya saɓa doka. A Abuja fa, inda hedikwatocinsu suke! Mu kuma da ke layi, kowa ya sunkuyar da kai, don mu ba a jin bakinmu in an ce abu na Turawa ne.

Hajiya ba ta kai ƙofa ba, wani yaron kantin ya ɗauki gwangwanin ya nufi inda ake jera kifi.