Ku daina gwada faɗan fim a wuyan ƙannenku

Jiya bayan la'asar, a barandar wani shago da aka rufe, samari huɗu ne da waya ɗaya. Ɗayansu ya zagayo ta bayan wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, ya saƙala damtse a wuyansa ya matse, mai riƙe da waya yana cewa, "Riƙe shi, bai fito da kyau ba, a sake." Yaron yana ta bubbuga hannun mai shaƙe shi, su kuwa sai dariya. Da aka sake shi ya sulale, ƙeyarsa ta bugi siminti. Allah ya tsare, ya miƙe yana murmushin kunya, su kuma suka haɗa kai suna kallon abin da suka ɗauka.

Ƙannena, ku tsaya mu yi magana. Ba wanda ya ce laifi ne fim ya sa maka sha'awar koyon kare kai. Tun lokacin da Bruce Lee ya fara fitowa a talabijin ɗin Amurka a 1966 ake samun waɗanda kallo ya kai su makarantar koyon faɗa. Fim ɗin da Jet Li ya yi a kan gidan ibadar Shaolin a 1982 ya sa matasan Sin sun yi ta tururuwa can, har garin Dengfeng, inda gidan ibadar yake, ya cika da makarantun kumfu. Waɗancan kallo ya kai su gaban malami. Ku kuma ya kai ku wuyan ƙaninku a kan siminti. Abin da ke ƙona min rai ke nan.

Ganin kitse kuke wa rogo. Naushin da kuke gani a allo bai taɓa fuska ba, yana wucewa ne da tazarar kusan taƙi guda, sai a ajiye kyamara a inda ba za a ga gibin ba, wanda aka "nausa" ya wurga kansa baya. Ƙarar nan ta "tas!" daga baya ake sa ta. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, amma masu shirya finafinan Hong Kong sukan ɗauki faɗa da hoto 22 ko ƙasa da haka, idan aka haska sai hannu ya yi saurin da ɗan Adam ba shi da shi. Mai tashi sama waya ce ɗaure a ƙugunsa, mutane suna ja ta bayan fage. Kwalbar da ake fasawa a kai da sukari ko roba mai saurin farfashewa ake yin ta, kujerar kuma da katako marar nauyi. Wanda ya faɗo daga bene a kan katifa ko tarin kwali ya sauka, kuma sau da yawa ba jarumin ba ne, wani ne aka biya ya sa kayansa. Faɗan minti biyu yakan ci kwanaki ana maimaitawa.

Duk da wannan shiri, Jackie Chan, wanda ya yi shekara goma ana horar da shi tun yana ɗan shekara bakwai, ya faɗo daga bishiya wurin ɗaukar fim a Yugoslabiya a 1986, ƙoƙon kansa ya fashe, sai da aka yi masa tiyata. Bruce Lee kansa a 1970 ya ɗaga ƙarfe ba tare da ya ɗumama jiki ba, ya ji ciwo a jijiyar baya, ya yi watanni a kwance. To kai wane ne, da kallon dare ɗaya a waya?

Mu dawo kan shaƙewar nan, don ita ce ta fi muni. Kuna zaton numfashi kuke tsayarwa. A gefen wuya, dama da hagu, akwai manyan jijiyoyi biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa. Idan damtse ya danne su tare, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum ya suma, kuma mai shaƙewa yana baya, ba ya ganin fuska, bai san an suma ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi minti huɗu zuwa biyar ba jini ta fara mutuwa, kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Idan kuma ƙashin hannu ya hau kan maƙogwaro, guringuntsin wurin yana iya karyewa, ya kumbura ya toshe hanyar iska bayan an watse. Bubbugawar da yaron nan yake yi, a wurin masu judo, wato kokawar Japan, doka ce: da an bubbuga sau biyu ake saki nan take, ga alƙali a tsaye, ga katifa a ƙasa. Ku kun kwaikwayi riƙon kun bar dokar. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Sannan ga faɗuwa. Wanda ya kafa judo a Japan a 1882 sunansa Jigoro Kano (sunansa ne haka, ba Bakano ba ne), kuma har yau abin da ake fara koya wa sabon ɗalibi a wannan fanni shi ne yadda zai faɗi. Ana farawa daga kwance, sannan daga zaune, sannan daga tsugune, sai jiki ya saba a yi daga tsaye. Haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta taɓa ƙasa, baya a lanƙwashe, a mari katifa da dukan hannu daga tafi zuwa damtse, hannun a ɗan ware daga jiki. Makonni ake yi a kan wannan kafin a bar ka ka ɗaga wani. Wanda bai koya ba, da ya tafi ƙasa sai ya miƙa tafin hannu ya tokare, nauyin jiki duka ya sauka a tsintsiyar hannu. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da yake tsagewa a irin wannan faɗuwa, a ɗauka targaɗe ne, a kai wa mai ɗori ya murza, alhali jini ba ya isarsa sosai, sai ya ƙi haɗewa, hannu ya yi ta ciwo shekara da shekaru.

Naushin bango da fasa bulo ma haka. Ƙashi 27 ne a hannu, ƙanana. Naushi yana sauka ne a kan gaɓoɓin yatsa manuni da na tsakiya, tsintsiyar hannu a miƙe sak. Mai koyo daga fim yakan wurga hannu ta gefe, ya sauka a kan ƙaramin yatsa, ƙashin bayansa ya karye, gaɓar ta lotsa. Allon da masu karate ke fasawa busasshen katako ne mai taushi, kaurinsa kamar santimita biyu, ana bin tsagin itacen. Kai kuma ka je ka ɗauko bulon siminti daga ginin maƙwabci. Haurin juyi kuwa, in ƙafar da ka tsaya a kanta ba ta juya a kan yatsu ba, gwiwa ce za ta murɗe, jijiyar ciki ta tsinke, ko an yi tiyata sai an yi wata shida zuwa tara ana jinya. Balle wanda ya haɗiyi tiramol kafin ya fara don kada ya ji zafi. Zafin nan shi ne ɗan aiken da jiki yake turowa ya ce tsaya, kun kashe ɗan aike. Su masu riƙe waya kuma ban san me zan ce da su ba, mutum yana suma kuna neman wanda zai danna muku alamar so.

Idan kai ya bugu, tashin yaro yana dariya ba shaida ba ce. Jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, sai bayan sa'o'i a ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci marar dalili, ko magana ba kan gado. Ɗaya daga ciki ya isa a tafi asibiti a daren. Wanda ya faɗi ta wuya ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ciccibe shi, kada a girgiza shi ana watsa masa ruwa, a riƙe kansa yadda yake har a sami allo a kwantar da shi. Amma na san ku, ɓoyewa za ku yi don kada Baba ya ji.

Mu da muke da dambe da kokawa, yaushe muka zama haka? Da can bayan kaka ake yi, a kan yashi, manya suna zaune. Yaro yakan daɗe yana bin ubangidansa, yana riƙe masa zare, yana kallon yadda ake naɗe hannu, kafin a bar shi ya shiga fili, kuma da tsaransa ake haɗa shi. Da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, an gama, ba mai ƙara duka. Ƙato ya kama ƙaramin yaro ya gwada ƙarfi a kansa, abin kunya ne da za a yi ta yi masa gori. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska ko da faɗa ake yi. Yanzu babba ya wuce ya ga ana shaƙe yaro, ya kawar da kai don kada a zage shi.

Mai so da gaske ya nemi malami, ya yi haƙuri da maimaita abu ɗaya. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ɗan Nijar ya ci azurfa a takwando, wato wasan hauri da naushi na Koriya, a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla a wannan wasa daga Olamfik ta Beijin a 2008. Ku nemo bidiyon wasanninsu ku duba abin da ke jikinsu: hular kariya, rigar ƙirji, robar haƙori, kariyar ƙwauri da ta hannu, zagaye uku na minti bibbiyu, likita a gefen fili. Yaron jiya kuwa singileti ne a jikinsa da silifas ƙafa ɗaya.