Ranar da na yi wa Umma tafinta

Tsautsayi ne ya sa na kunna fim ɗin Pride and Prejudice na 2005 a falo, maimakon in ƙule a ɗaki da wayata. Umma na gefe tana tsinkar zogale, ta ɗago ta ce, "Ke, su waye waɗannan da riguna har ƙasa kamar 'yan Islamiyya?" Na ce mutanen Ingila ne na da, littafin ma tun 1813 Jane Austen ta fitar da shi. Ta ture tire gefe, ta ce in riƙa fassara mata.

Da ta ji matar Bennet 'ya'ya mata biyar gare ta, babu namiji, kuma in maigidan ya rasu wani dangi ne zai gaje gidan, sai ta tafa hannu: "Allah sarki, baiwar Allah!" Duniya duka dariya take wa matar nan, Umma kaɗai ta ga 'yar'uwa. Mu huɗu ne a gabanta, ko ɗaya ba a kai ɗaki ba.

Sai ga magajin gidan, Collins, wani guntun limamin coci mai shegen surutu, wanda aka ba shi abinci ya rasa abin yabo sai dafaffen dankali. Ya nemi auren Elizabeth, ɗaya daga cikin 'ya'yan, ta ƙi.

"Tuwona maina, ta ƙi?" in ji Umma. "Yarinyar nan a kai ta ruƙiyya."

Ƙawarta Charlotte ce ta amshe shi, tana bayanin cewa shekarunta 27, ba kuɗi, ba manemi. Nan na yi gum, don a watan jiya na cika 27. Na ce, "Gaisawa kawai suke yi, Umma."

Autarmu, wadda tun ɗazu take latsa waya kamar ba ta wurin, ta fassara tsaf, har da ƙari.

Umma ta dube ni ta saman tabarau. Ko da Darcy, wani attajiri mai fam dubu 10 a shekara, ya tsaya jiƙe sharkaf yana bayyana wa Elizabeth soyayya, ba ta kalli talabijin ba.

Ranar Juma'a da la'asar na ji sallamar ɗan Kawu, wanda in ya fara magana sai an kira magariba. Umma ta miƙo min kwano in kai masa. Na buɗe murfin a soro: dafaffen dankali ne.

Wallahi ya yaba.