Ba Makaɗi Kaɗai Ke Gane Kuskuren Sauti Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sai ƙwaƙwalwar wanda ya koyi kiɗa ce ke gane lokacin da haɗin sautuka, wato sauti uku ko fiye da ake bugawa tare a fiyano, ya kauce wa tsari. Ba haka abin yake ba. A shekarar 2000, masanin ƙwaƙwalwa Stefan Koelsch da abokan aikinsa a Jamus sun manna na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa a fatar kan mutanen da ba makaɗa ba, suka tarar tana nuna martani cikin kusan ɗaya bisa biyar na daƙiƙa da jin haɗin da bai dace ba. Yawan sauraro ya riga ya koya musu tsarin. Abin da horo ke yi shi ne ƙarfafa martanin, domin ya fi girma a wajen ƙwararrun makaɗa.