"Ban Wuce Tamanin Ba" Ba Ta Wanke Direba

Ƙannena masu jan motar haya tsakanin ƙauyuka da kasuwanni, da masu kurkura, da 'yan acaɓa, akwai wata magana da kuke yawan faɗa bayan mai afkuwa ta afku: "Wallahi ban wuce tamanin ba." Ko da gaskiya kuka faɗa, wannan maganar ba ta fitar da mutum a gaban alƙali.

Ƙa'idar tuƙi ta Najeriya ta ba ƙaramar mota da motar haya kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya. Tanka da tirela 45 a gari, 50 a babbar hanya. Babur 50 ne duk inda ya bi. To amma waɗannan lambobin iyaka ce ta ƙarshe, wadda aka yanka don busasshiyar kwalta da rana tsaka, ga taya mai kyau, ga birki lafiyayye. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya yi sanadin rasa rai da gudun da ke da haɗari ga jama'a, kuma ta ce a auna gudun da yanayin hanyar, da irin amfanin da ake yi da ita, da yawan masu binta a wannan lokaci. Wato alƙali zai tambaya: akwai hazo? An yi ruwa? Ranar kasuwa ce? Yara sun taso daga Islamiyya? Arba'in a tsakiyar Wudil ranar Juma'a, ko a Maigatari ranar Alhamis lokacin da ake koro shanu, na iya zama tuƙin ganganci.

Ku tsaya mu yi lissafin, don a nan ne yawancinku ke yaudarar kanku. Motar da ke kan tamanin tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daga sanda idonka ya ga abu zuwa sanda ƙafarka ta sauka kan birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce. Mita 22 sun tafi ke nan ba ka rage komai ba. Sannan birkin kansa, a kan busasshiyar kwalta, yana buƙatar wajen mita 36. Jimla kusan mita 60. Idan kwaltar ta jiƙe ko yashi ya hau kanta, jan birkin kan ninka, sai ka ga kana neman mita 90 da ɗoriya, kusan tsawon filin ƙwallo. A kan arba'in kuwa mita 20 sun ishe ka ka tsaya cak. Dalili shi ne in ka ninka gudu sau biyu, nisan jan birki sau huɗu yake ninkuwa.

Yanzu ɗauki wannan lissafi ka kai shi hanyar Ringim zuwa Gujungu bayan magariba, cikin hunturu. Hazo ya sauka, kana kan ƙaramar fitila saboda masu tahowa, kuma ba ta haska maka fiye da wajen mita 50. Gabanka amalanken shanu ce ɗauke da kara, babu fitila, babu ƙyalle mai ƙyalli, karan ya fito hagu da dama. Sanda za ka hango ta, tana cikin nisan da motarka ba za ta iya tsayawa ba. Tun kafin ka gan ta haɗarin ya riga ya faru, saura ƙarar kawai. Ƙa'idar da ƙwararrun direbobi ke bi ita ce kada gudunka ya wuce wanda za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonka ke gani.

Kowane lokaci na shekara da tarkonsa. Ruwan farko ya fi santsi, saboda yana taso da ƙura da baƙin man da suka kwanta a kwalta duk rani. Bayan ruwa mai ƙarfi, yashi kan taru a gangare da bakin kwalbati, taya ta hau ta ƙi bin sitiyari. Da kaka manoma kan shanya amfani a gefen titi, hanya ta ƙuntata, ga yara suna korar awaki. A burji kuma, ƙurar motar da ke gabanka makanta ce. Wanda ya kutsa cikinta don ya wuce, ya tuƙa ne ido rufe. Ƙara da lodi: buhun masara goma a bayan motar da aka ƙera don mutum biyar, da sudaddiyar taya, duk suna tsawaita wancan lissafin.

Idan aka je kotu neman diyya, wanda aka buge zai nuna cewa ka yi sakaci a inda direba mai hankali zai rage gudu, kuma sakacin ne ya jawo masa rauni ko asara. Ba bakinka za a bi ba. Za a duba zanen da 'yan sandan hanya suka yi a wurin, da tsawon sawun birki a kan kwalta, da inda gilashi ya zube, da yadda gaban motar ya lotse, da rahoton jami'in duba lafiyar motoci, da abin da fasinjojinka suka shaida. Fasinjan da ya ce maka "direba, a rage" ka amsa masa da "Malam, in kana tsoro ka sauka", shi ne shaidar da za ta fi ƙona ka. Gaskiya ne idan ɗaya ɓangaren ma ya yi sakaci, kamar mai amalanken da ya fito da dare ba alama, kotu kan raba laifin ta rage abin da za ka biya. Ragewa ce kawai. Yaro ƙarami kuwa ba a cika ɗora masa laifi ba, domin kai ne ake sa ran za ka san yaro na iya faɗowa titi. Mai motar da ya ɗauke ka aiki shi ma ana iya haɗa shi a ƙarar, don haka iyayen gida masu matsa wa yaransu sai sun yi sawu uku kafin kasuwa ta watse su san da su ake.

Sai maganar da ta fi damuna, wato yadda muke rufe komai da "ƙaddara ta riga fata". Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa sauke haƙƙi daga wuyan mai sakaci ba. Tun zamanin dawaki da jakuna malaman Malikiyya suka rubuta, kamar yadda ya zo a Risala, cewa mai koro dabba da mai janta da mahayinta su ke lamunce abin da ta taka. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara, wadda a yau azumin wata biyu ne a jere. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, wato zinare kusan kilo 4 da kwata, kuma dangin wanda ya yi kisan ke haɗuwa su biya cikin shekara 3. Hannu ɗaya rabin diyya ne, ido ɗaya haka, yatsa ɗaya kashi ɗaya cikin goma. Yafewar iyalai tana ɗauke diyya, azumin yana nan a kanka, kuma mafi yawan malamai sun ce kowace rai da nata.

Inshora fa? Tun Janairun 2023 wadda doka ta wajabta wa ƙaramar motar gida, wato mai biyan wanda ka buge, naira 15,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3, tana kuma ɗaukar rauni da rasa rai. Matsala biyu ke kashe ta. Da yawa takardar da aka cusa muku cikin takardun mota jabu ce, sai ku duba lambar motarku a NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet, tun yau. Sannan wanda ya yanki ta motar gida yana kabu-kabu da ita, kamfani na iya ƙin biya. In haɗari ya faru, sanar da kamfanin da wuri, kafin ka sa hannu a kowace takardar sulhu.

Kada ka gudu ka ɓuya. In kana tsoron taron jama'a, ofishin 'yan sanda mafi kusa za ka nufa, a kira 122 ko 112 don a ɗauki masu rauni. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa.

Ku kuma da aka buge ɗan'uwanku, ku ɗauki hoton wurin kafin a janye motar da kafin iska ta share sawun birki, ku rubuta lambar motar da sunan waɗanda suka gani. Ku kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta rahoto, ko da daga baya za ku je wurin maɗori. Karayar da ba ta da takardar likita tana da wuyar tabbatarwa. Ku adana kowane rasit, na magani, na jini, na kuɗin mota zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, domin kuɗin da aka kashe sai da hujja kotu ke mayarwa. Kada ku yi saurin karɓar sulhu a zauren dagaci cikin makon farko, lokacin da ba a san ko ƙafar za ta sake riƙe garma ba. In za a yi, a jira bayanin likita, a rubuta shi da shaidu, a fayyace wa zai ɗauki jinyar da za ta biyo baya. Kuma ku ga lauya ko ofishin ba da tallafin shari'a da wuri, saboda shigar da ƙara yana da wa'adi, kuma in motar hukuma ce ta yi bugun, wa'adin na iya gajarcewa zuwa wata 3.