Madara ba ta wanke ƙura daga huhu

Shekara 17 Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi yana aikin tayil. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai yankan tayil ya san yadda abin yake: injin yana taɓawa farar ƙura za ta turnuƙe ɗakin, har ka daina ganin na gabanka. Haka yake dawowa gida, gira fari, gemu fari, har cikin kunne. Kariyarsa ba ta wuce hankicin da yake ɗaurawa a hanci ba, shi ma idan zafi ya dame shi sai ya zame shi zuwa wuya. In an tashi aiki ya biya wurin mai shayi ya sha madarar gwangwani, domin a wurinsu ita ke wanke ƙirji, sannan ya kunna sigari. Kwali ɗaya kwana 2 yake yi masa.

Bara ya fara wani busasshen tari, sai haki ya biyo baya. Mutumin da ke hawa bene da kwalin tayil a kafaɗa ya koma sai ya tsaya sau biyu kafin ya kai sama, hannunsa wayam. Aka ce sanyi ne, aka sayo maganin kemis. Daga baya hoton ƙirji ya nuna fari-fari, aka ce tibi ne duk da gwajin majina bai nuna komai ba, aka ɗora shi a kan magani wata 6. Bai tsallake ko rana ɗaya ba, kuma bai ji sauƙi ba. Sai da muka je babban asibiti wata likita ta yi masa tambayar da babu wanda ya yi masa a baya: "Malam, wace sana'a kake yi? Kana shan taba?"

Aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta hanci, aka zuba ruwan gishiri kaɗan cikin huhun, aka zuƙo. Da idona na ga kwalbar. Ruwan da ya shiga garau ya fito fari kamar tsinkakken nono.

Cutar da ke damunsa likitoci na taƙaita sunanta da PAP, kuma a 1958 aka fara bayyana ta a Amurka. Ba ta da yawa ko kaɗan, cikin mutum miliyan ɗaya bai fi a samu kamar 7 ba. Yadda likitar ta fahimtar da mu, cikin huhu akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska miliyan ɗaruruwa, kowace an shafe cikinta da wani maiƙo mai santsi don kada ta manne idan an fitar da numfashi. Jiki kullum yana yin sabon maiƙon, akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shara ne, su ke kwashe tsohon tare da duk dattin da aka shaƙa. Idan masu sharar nan suka gaza, maiƙon ya taru ya cika jakunkunan, iska ta rasa hanyar shiga jini. Mutum yana ja, amma ba ta isarsa.

Ba zan ce taba da ƙura kaɗai ke kawo ta ba, don kusan kashi 90 cikin 100 na masu ita garkuwar jikinsu ce ke juyowa ta raunana masu sharar. Sai dai fiye da rabin waɗanda aka samu da cutar suna shan taba ko sun taɓa sha, da yawa kuma sun yi aiki cikin ƙura, galibi maza 'yan shekara 30 zuwa 50. Akwai kuma nau'in da ƙurar ce kai tsaye ke haddasa shi, musamman ƙurar silika da ke cikin dutse, yashi da tayil. Hayaƙin taba yana kashe 'yan gasun da ke koro datti daga hanyar iska, yana gajiyar da masu shara, sannan a zo a tula musu ƙurar dutse a kai. Kura da shan bugu.

Duniya ta daɗe da sanin haka. A farkon shekarun 1930, a jihar West Virginia ta Amurka, an haƙa wata hanyar ruwa ta cikin dutse a Hawk's Nest. Dutsen cike yake da silika, aka riƙa huda shi a bushe don aiki ya yi sauri. Ɗaruruwan leburori, akasarinsu baƙaƙen fata talakawa, suka mutu cikin 'yan shekaru, wasu ma cikin watanni. Turkiyya ta hana goge wandon jins da feshin yashi a 2009 bayan samari sun yi ta mutuwa, Ostareliya kuma ta haramta dutsen ado na haɗi da ake yin teburin kicin da shi a 2024. Mu nan har yau a bushe ake yanka tayil, a bushe ake fasa dutse, a bushe ake niƙa dutsen zinare.

Abin da ke ci mini rai shi ne arhar kariyar. A jiƙa wurin yankan da ruwa, ƙura ta kwanta. A yayyafa ruwa kafin a share, a yi yankan a waje inda iska ke kaɗawa. A sa takunkumi na gaske irin N95 wanda ke kama fuska, domin hankici da shuɗin takunkumin asibiti ba sa tare ƙurar da ido ba ya gani, kuma ita ce mai kaiwa can ƙasan huhu. Ɗan kwangilar da ya iya sayen tayil na miliyoyi ba zai ce jarkar ruwa da takunkumi sun fi ƙarfinsa ba. Haƙƙin leburan nan yana wuyansa, kuma Allah zai tambaye shi. Madara kuwa ciki take tafiya, ƙura huhu ta tafi, hanyarsu ba ta haɗu ba.

Ma'aikatan lafiya, don Allah idan mai tari ya zo ku tambaye shi aikinsa. Kai kuma mai aikin ƙura, ko ba a tambaye ka ba ka faɗa, ka faɗi maganar tabar ma, kada kunya ta hana ka. Ba kowane tari ne tibi ba, ko da yake ƙurar silika ita kanta tana ƙara haɗarin kamuwa da tibin.

Maganin da aka ce Kawu yana buƙata shi ne wankin huhu. Za a sa shi barci, inji ya riƙa hura wa huhu ɗaya iska, ɗayan a yi ta cika shi da ruwan gishiri mai ɗumi ana tsiyayewa, lita 15 ko 20, har ruwan ya fito garau, daga baya a dawo a yi wa ɗayan. Kuɗin muke haɗawa yanzu a dangi. Ya bar taba, ya bar aiki, sallah ma a zaune yake yi.

Jiya da na je gaishe shi na tarar da yaron da ya koya wa aiki ya zo, girarsa fari fat. Kawu ya daɗe yana kallonsa, ya tattara numfashi ya ce, "Ɗana, gobe kada ka kunna injin nan sai da ruwa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce oga ba ya so, wai ruwa yana ɓata masa siminti.