Bokitin mai fatsa ma hanya ce

Duk lokacin da aka ce wata baƙuwar halitta ta mamaye tafki, manyan jiragen ruwa ake fara nuna wa yatsa, kuma gaskiya suna da laifinsu. Ɗan koɗin nan mai ratsi irin na jakin dawa, wanda asalinsa daga yankin Bahar Aswad da tekun Kasfiyan ne, cikin ruwan da jirage ke ɗauka don daidaita nauyi ya isa tafkin St. Clair tsakanin Amurka da Kanada, aka gano shi a 1988. To amma jirgin dakon kaya ba ya hawa tudu ya shiga ƙaramin tafkin da ke can cikin daji. Wa ya kai shi can?

Ni dai a ganina mai kamun kifi don nishaɗi ne, mutumin kirki wanda bai nufi kowa da sharri ba. Ya gama fatsa da yamma, sauran ƙananan kifayen da ya zo da su don saƙala wa ƙugiya suna motsi a bokiti, tausayi ya kama shi sai ya juye su cikin ruwan wai kar su mutu, ya ɗora kwale-kwale a tirela ciyawa na reto a jiki, gobe yana wani tafkin. Koɗin kuwa yana iya kwanaki a waje in dai akwai danshi, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har miliyan a shekara.

Wasu ma da gangan suke yi. A tafkin Yellowstone da ke Amurka an gano wani baƙon kifi mai cin sauran kifaye a 1994, wanda ake zaton da gangan aka sako shi, ya yi wa kifin asalin wurin kaca-kaca, har yau ana ta kwashe shi da raga. Niyu Zilan kuwa wani gansakuka mai yauƙi ne ya bayyana musu a 2004, sai da ta kai ga a 2008 an hana masu fatsa sa takalmin shiga ruwa mai tafi mai shan ruwa kamar soso, saboda yakan daɗe bai bushe ba, gansakukan ya bi shi zuwa wani ruwan.

Shi ya sa nake goyon bayan masu binciken da ke bin sawun masu fatsa ta manhajojin waya irin su Fishbrain, inda mutum da kansa yake sa hoton kifinsa da wurin da ya kama. In ka haɗa bayanan dubban mutane sai taswira ta fito, ka ga wane tafki ne ke aika wa wane baƙi. Eh na sani, ba kowa ke da manhajar ba, kuma mai fatsa ya fi ɓoye wurin kamunsa fiye da lambar sirrin banki, don haka a cire sunaye, ba ruwan kowa da waye. Abin da ake buƙata shi ne a san mashigar da ta fi cunkoso a kafa wurin wanke kwale-kwale a nan, tunda ba hukumar da ke da ma'aikatan da za ta tsayar a bakin kowane ruwa.